Asalin Audugar Funtua da Malumfashi: Tarihin Binciken Dangantakar Tsirrai

Gabatarwa

Shekaru masu yawa ƙasar da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, tare da Bakori da Ƙanƙara da Faskari, ita ce cibiyar noman auduga a Arewacin Nijeriya. Ƙasa ce mai laka, mai riƙe ruwa, ga damina wadda ba ta cika gazawa ba. Da kuɗin auduga talakawan wannan yanki suka riƙa biyan haraji, da su aka yi aure, da su aka sayi keke da garma. Amma duk da wannan daɗewa da aka yi ana zaune tare da ita, ba kasafai akan tsaya a tambayi asalinta ba, watau daga ina ta fito, kuma da waɗanne tsirrai ta haɗa jini.

Mai yiwuwa wani ya ɗauka wannan tambaya ta malaman jami'a ce kurum, ba ruwan manomi ko ma'aikacin hukuma da ita. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa amsar da masana suka riƙa bayarwa a kowane zamani ta shafi irin da aka raba wa manoma, da irin da aka hana su shukawa, da kuma irin da aka yi sakaci aka bari ya ɓace. Za a bi tarihin binciken daki-daki, tun daga lokacin da ake rarrabe tsirrai da ido, zuwa lokacin da aka leƙa cikin ƙwayoyin halittarsu.

Kafin a shiga, ya kamata a daidaita kalmomi. Masana ilmin tsirrai sukan tara tsirrai masu asali ɗaya a babban rukuni, wanda a nan za a kira dangi. Kowane dangi ya kasu gida-gida, kowane gida ya kasu jinsi-jinsi. Tsirran jinsi ɗaya su ne waɗanda in an yi musu barbara, watau aka kai ƙurar furen wannan kan furen wancan, sukan ba da 'ya'ya masu haihuwa. A cikin jinsi kuwa akan sami rassa, sa'an nan a ƙarƙashinsu a sami iri daban-daban da manoma suka sani da sunaye.

Auduga kafin zuwan Turawa

Noman auduga da saƙa tsofaffin sana'o'i ne a Afirka ta Yamma. Malamin nan na Andalus, al-Bakri, wanda ya rubuta littafinsa a 1068, ya ambaci itatuwan auduga da tufafinta a garuruwan bakin kogin Sanagal. A kogunan dutse na Bandiagara, cikin ƙasar Mali ta yanzu, an tono guntayen saƙar auduga na ƙarni na 11 da na 12. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin Kano, ana kai tufafinta har Tambutu da Tarabulus. Wannan ciniki bai tsaya ba sai da audugar karkara, wadda mata suke gurzawa, su shiɓe, su kaɗa da mazari, su fitar da zare da abawa.

Manoman ƙasar Hausa suna da nasu rabe-raben. Wani likita ɗan Sikotilan mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Jihar Arewa ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya rubuta sunaye irin su gwundi da 'yar ƙarfi da labai da matankanawa, ban da sunan kaɗa da mutanen Katsina da Sakkwato suke kiran auduga da shi. Manomi da mai kaɗi suna rarrabewa ne bisa amfani: wace ce take jure fari, wace ce take saurin rabuwa da angurya, wace ce zarenta ya fi ƙarfi. Wannan ilmi ne na gaske, amma ba a gina shi don ya amsa tambayar asali ba. Saboda haka kowa ya ɗauka waɗannan iri na gida ne tun fil azal, kuma da Turawa suka zo su ma haka suka kira su, watau audugar 'yan ƙasa.

Zamanin rarrabewa da ido

Tsarin ba kowane tsiro suna biyu da Latin, na gida da na jinsi, ya kahu ne a 1753, lokacin da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya wallafa babban littafinsa a kan jinsunan tsirrai. Ya sa wa gidan auduga suna Gossypium, ya ambaci jinsuna kamar herbaceum da arboreum da barbadense, sa'an nan a bugu na biyu, a 1763, ya ƙara hirsutum, watau mai gashi. Abin da ya dogara a kai shi ne kama: siffar ganye, launin fure, tsawon kara, da yawan gashi.

Auduga kuwa tsiro ce mai saurin sauya kama. Iri ɗaya in an shuka shi a fadama ya yi tsawo, in an kai shi jigawa ya tsumbure, ga shi kuma fatake sun daɗe suna yawo da ita daga wannan nahiya zuwa waccan. Don haka masu tattara tsirrai suka riƙa raɗa sabon suna ga kusan duk abin da suka gani. Alal misali, wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Peter Thonning ya tattara tsirrai a gaɓar ƙasar Gana ta yanzu daga 1799 zuwa 1803, kuma a 1827 aka buga bayanin wata auduga daga cikinsu da sunan punctatum, watau mai ɗige-ɗige, a matsayin jinsi mai zaman kansa. Wannan punctatum ita ce mafi yawan abin da ake nomawa a ƙasashen Katsina da Kano kafin zuwan Turawa.

Rikicin ya kai ga masana biyu na ƙasar Italiya suka yi hannun riga da juna. Filippo Parlatore, a 1866, ya ce jinsunan auduga bakwai ne. Agostino Todaro, a 1877, ya lissafa fiye da hamsin. A 1907 Sir George Watt, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya fitar da ƙaton littafi a kan audugar daji da ta gona ta duniya duka, amma shi ma da ido ya auna, saboda haka ya haɗa waɗanda ba su haɗa komai ba, ya raba waɗanda suke ciki ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A wannan hali ilmin yake sa'ad da aka fara yanke shawara a kan abin da manoman Lardin Katsina za su shuka.

Zuwan Allen

Masaƙun Lankasha a Ingila sun dogara ga audugar Amurka, kuma ba su manta da wahalar da suka sha ba a lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sa'ad da injuna suka tsaya don rashin abin saƙa. A 1902 aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Biritaniya a Manchesta, wadda aka fi sani da haruffan BCGA, don ta nemo auduga a ƙasashen da Ingila ke mulki. Ta sa rai ƙwarai ga Arewacin Nijeriya, musamman da jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano a 1911. Sai dai lissafin bai fita ba. Masaƙan gida suna biyan farashin da ya fi na ƙungiyar, manoman Kano kuma suka karkata ga gyaɗa. Daɗin daɗawa, gashin audugar gida gajere ne, bai dace da injunan Lankasha ba, waɗanda aka ƙera don auduga mai tsawon kimanin inci ɗaya.

A 1912 aka naɗa P. H. Lamb shugaban Sashen Aikin Gona na Arewa. Daga Yuganda ya zo, kuma daga can aka kawo irin auduga na Amurka aka gwada a gonar gwaji ta Maigana kusa da Zariya. Wanda ya fi karɓuwa shi ne Allen, iri mai dogon gashi da aka fara zaɓowa a jihar Misisipi. Ƙasar kudancin Katsina da arewacin Zazzau, wadda lakarta ba ta dace da gyaɗa kamar jigawar Kano ba, ita ta rungume shi. A shekarun 1920 da bayansu aka kafa injunan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe fulotai inda ake awo, kuma a 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya kai Ƙauran Namoda. Har yau akwai unguwa a Funtua da ake kira da sunan BCGA.

Tun da wuri malaman gona suka lura da wata matsala. Duk inda aka shuka Allen kusa da audugar gida, bayan 'yan shekaru sai a ga iri ya gurɓace, gashi ya gajarce, kama ta rikiɗe. Ƙudan zuma da sauran ƙwari suna ɗaukar ƙurar fure daga wannan gona zuwa waccan. Maganin da hukuma ta ɗauko shi ne rarrabewa. Aka riƙa raba irin Allen kyauta ta hannun En'e da hakimai, aka hana cakuɗa shi da na gida a fulotai, aka matsa wa manoma su daina shuka tsohon iri a yankin da aka keɓe don audugar fitarwa waje. An kafa tashar bincike ta Samaru a 1922, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yanzu. Tsarin shi ne Samaru ta zaɓi iri ta tsarkake shi, Daudawa ta yawaita shi, manoman kewaye su ƙara yawaita shi, a gurza nasu dabam, daga nan a bazu da shi mataki-mataki har ya game ƙasa. Ta wannan hanya aka yaɗa iri masu suna Samaru 26C da Samaru 26J, waɗanda duk daga Allen aka zaɓo su.

Abin da babu wanda ya iya bayyanawa a lokacin shi ne dalilin da ya sa baƙuwa daga Misisipi take barbara da 'yar gida cikin sauƙi haka, in har jinsinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da madubi ya nuna

Amsar ta fito daga madubin ƙara girman abubuwa. Jikin kowane tsiro an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu sanduna ƙanana masu ɗauke da gado, waɗanda ake kira kuromosom. Kowane jinsi yana da adadinsa. A 1923 wata masaniya 'yar Rasha, A. G. Nikolajeva, da kuma H. J. Denham na Ingila a 1924, suka ƙirga na auduga. Suka tarar audugar gona ta Asiya da Afirka, watau herbaceum da arboreum, tana da sanduna 26, ta Amurka kuwa, watau hirsutum da barbadense, tana da 52. A 1928 G. S. Zaitsev, wanda yake aiki kusa da Tashkent, ya gina sabon rabe-rabe a kan wannan ƙidaya.

Ƙidayar ta warware abubuwa da yawa a lokaci guda. In an haɗa mai 26 da mai 52, da ƙyar ake samun iri, kuma abin da aka samu yakan zo da sanduna 39, waɗanda ba su rabuwa biyu daidai, don haka ba ya haihuwa, kamar dai alfadari da ake samu tsakanin jaki da goɗiya. Da aka duba punctatum ta Afirka ta Yamma, sai aka tarar tana da 52. Watau audugar da aka daɗe ana kira ta 'yan ƙasa 'yar Amurka ce, ta riga Allen zuwa ne kawai da ƙarni biyu ko uku. Ta ƙetaro teku bayan da jiragen ruwan Turawa suka haɗa gaɓar Afirka da Amurka, a zamanin da masara da rogo da gyaɗa da barkono da taba suka shigo, manoma suka karɓe ta hannu da hannu har ta ture tsohuwar auduga mai sanduna 26 daga mafi yawan gonaki.

Hukumar Noman Auduga ta Daular Biritaniya, wadda aka kafa a 1921, kuma ita ce ta buɗe gonar Daudawa, ta kafa tashar bincike a tsibirin Tirinidad a 1926. A can ne Aage Skovsted ya nuna, a 1934, cewa sandunan audugar Amurka kashi biyu ne: rabi manya, irin na audugar Asiya da Afirka, rabi ƙanana, irin na wasu audugogin daji na Amurka marasa gashin kaɗi. Ma'anar wannan ita ce audugar Amurka ta samu ne daga haɗuwar jinsuna biyu, sa'an nan adadin sandunan ya ninka, abin da ya ba ta ikon haihuwa. A 1940 J. O. Beasley a Teksas da S. C. Harland, kowanne a nasa ɓangaren, suka gwada abin da hannu. Beasley ya haɗa arboreum da wata audugar daji ta Amurka, ya ninka sandunan da magani, ya sami tsiro mai 52 wanda ya yi barbara da audugar gona ta Amurka. Shi ne kuma ya sa wa rukunonin gadon haruffa: A ga na audugar gona ta Afirka da Asiya, D ga na dajin Amurka, AD ga haɗinsu.

A 1947 J. B. Hutchinson da R. A. Silow da S. G. Stephens, dukansu ma'aikatan Tirinidad, suka wallafa littafi a kan yadda gidan auduga ya yi rassa a tsawon zamani. Suka taƙaita tarin sunayen nan zuwa jinsuna 20, huɗu daga ciki na gona. A 1951 Hutchinson ya kasa hirsutum rassa bakwai. Punctatum ɗaya ce daga ciki, latifolium kuma, wadda Allen da sauran audugar tudu ta Amurka suka fito daga gare ta, wata ce. Ashe abin da malaman gona suka yi ta fama da shi a Lardin Katsina haɗuwar 'yan'uwa ce, rassa biyu na jinsi ɗaya da suka rabu a Amurka ta Tsakiya suka sake gamuwa a gonakin Afirka.

Ribar da cakuɗa ta haifar

Akwai wata cuta ta auduga da ƙwayoyin bakteriya ke kawowa. Takan fara da ɗigon ruwa-ruwa a ganye, ta bi jijiya ta baƙanta reshe har ya karye, ta ruɓar da ƙwallo, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata baƙin hannu. A wajen 1930 ta yi wa babbar gonar Jazira ta ƙasar Sudan mummunar ɓarna. Daga ƙarshen shekarun 1930, R. L. Knight, a tashar Shambat kusa da Khartum, ya shiga neman tsirran da suke da juriya gare ta don ya ɗauko gadon ya sa a irin Sudan. Cikin wuraren da ya sami juriya mai ƙarfi har da punctatum ta Afirka ta Yamma, wadda ta shafe ƙarnuka tana zaune da cutar a hannun manoma, masu rauni suna mutuwa, masu ƙarfi ana ajiye irinsu.

Da aka gwada Allen ɗin Arewacin Nijeriya, sai aka tarar a cikinta ma akwai tsirrai masu juriya fiye da yadda aka saba gani a audugar Amurka. Bayanin da Hutchinson da wasu masana suka bayar shi ne cewa Allen ta tsinci wannan gado daga punctatum, ta hanyar barbarar nan da aka yi ta ƙoƙarin hanawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka zaɓo wani iri daga Allen ɗin Nijeriya aka sa masa suna Albar, sunan da aka haɗa daga kalmomin Turanci masu nufin Allen mai jure baƙin hannu. Daga Albar aka fitar da iri biyu, BPA da SATU, da suka mamaye gonakin Yuganda a shekarun 1960, kuma zuriyarsa ta bazu zuwa Zambiya da Malawi da Zimbabuwe. Irin da ya baro Yuganda a 1912 ya koma can bayan kusan shekara arba'in da wani gado da ya samo a ƙasar Hausa. Haka nan Faransawa suka ɗauki Allen daga Nijeriya suka kai Cadi da arewacin Kamaru, suka zaɓo iri irin su Allen 333 daga cikinta.

Wannan bai nuna cewa tsarkake iri kuskure ne ba. In ba don tsarin Samaru da Daudawa ba, da audugar Funtua ba ta sami daraja ɗaya da masaƙa za su dogara da ita ba. Kuskuren yana wajen ɗaukar tsohon iri a matsayin shara. Da an san tun farko cewa 'yar'uwa ce ta kusa, mai ɗauke da gadon da za a iya ɗebowa, da an keɓe mata wurin ajiya tun kafin a kore ta daga gonaki.

Shaidar sinadarin gado

Tambaya ɗaya ta rage. In audugar Amurka haɗin A da D ce, yaya aka yi A ta Afirka da Asiya ta ƙetare teku? Hutchinson da abokansa sun yi zaton mutanen da ne suka ɗauke ta a kwale-kwale ta tekun Fasifik, shekaru 'yan dubbai da suka wuce. Shi kuwa Stephens daga baya ya jiƙa irin audugar daji a ruwan gishiri, ya ga wasu suna daɗewa ba su mutu ba, abin da ya nuna teku kanta tana iya ɗaukar su.

Hukuncin ya zo ne bayan da aka koyi karanta sinadarin DNA, wanda shi ne rubutun gadon da ke cikin sandunan. A 1989 Jonathan Wendel na Jami'ar Jihar Ayowa ya binciki DNA na koren ƙwayoyin ganye, wanda a auduga ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Ya tarar duk audugar Amurka mai sanduna 52 tana ɗauke da irin na rukunin A. Ke nan uwar daga wannan ɓangare na duniya ta tafi, uban kuwa ɗan dajin Amurka ne, kuma mafi kusa da shi a cikin waɗanda suka rage shi ne raimondii na ƙasar Feru. Gwargwadon bambancin da ya taru a rubutun gadon ya nuna haɗuwar ta auku shekara miliyan ɗaya zuwa biyu da suka shige, tun kafin ɗan Adam ya taka nahiyar Amurka. Zaton kwale-kwale ya faɗi. An karanta cikakken gadon raimondii a 2012, na hirsutum a 2015, kuma sakamakon ya tabbatar da abin da Skovsted ya gani a madubi. A yau ana lissafa jinsunan gidan auduga kimanin 50. An kuma gane cewa mutane sun mai da auduga ta gona sau huɗu, a wurare huɗu, ba tare da wani ya koya daga wani ba. Hirsutum ita ce ke ba da kusan kashi 90 cikin 100 na audugar duniya.

Wannan hanya ta karanta gado ta girgiza rabe-raben tsirrai baki ɗaya. A 1993 wani taron masana ƙarƙashin Mark Chase suka kwatanta gado guda a tsirrai kusan 500, kuma a 1998 aka fitar da sabon tsarin dangogin tsirrai masu fure. Da ita aka daidaita babban dangin furannin okid, mai jinsuna fiye da 25,000, wanda wasunsa ke fitowa a fadamu da kan itatuwa a Arewacin Nijeriya, aka tsayar da shi a kan manyan rassa biyar. Dangin auduga kuwa faɗaɗa shi aka yi. Da ma an san kuɓewa da rama da yakuwa danginta ne. Sabon tsarin ya shigo da kuka da rimi da gurjiya, da lalo, da goro da koko da kukuki, waɗanda a da aka rarraba su a dangogi uku dabam. Malamin gona zai ga amfanin wannan a fili, domin jan ƙwaron nan da ke tsotsar ƙwallon auduga yana ɓata launinta yana rayuwa a kan kuka da kukuki da kuɓewa idan babu auduga a gona. Ƙwari sun san dangin tun kafin masana su rubuta shi.

Daga Daudawa zuwa yau

Tashar Samaru ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta ci gaba da fitar da iri kamar Samaru 71 da Samaru 77, da jerin da ake kira Samcot. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da na Gombe, wanda ya haɗa gundumomin Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya da hedkwata a Funtua. Duk da ƙorafin da manoma suka daɗe suna yi a kan farashin hukumomin ciniki, su ne suke riƙe da sarƙar iri daga Samaru zuwa fuloti.

A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Ciniki ya koma hannun 'yan kasuwa, amma ba a kafa abin da zai gaji aikin kula da iri ba. Auduga daga yankuna dabam-dabam ta riƙa haɗuwa a injin gurza ɗaya, angurya ta cakuɗe, manomi ya shuka abin da bai san sunansa ba. Da masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa daga shekarun 1990, manoma da yawa na wannan yanki suka koma ga masara da waken suya da dawa. A 2018 aka amince da sakin iri biyu na auduga da aka sa wa gadon wata bakteriya mai kashe tsutsar ƙwallo, waɗanda kamfanin Mahyco na Indiya ya samar tare da Cibiyar Samaru. Su ma hirsutum ne, don haka suna barbara da duk audugar da ke kusa da su, kuma tun da haɗaɗɗen iri ne, 'ya'yansu ba sa fitowa daidai da iyaye in an sake shukawa. Tsohuwar matsalar da malaman gona suka gani a zamanin Allen ta dawo da sabuwar riga.

Kammalawa

Tarihin nan ya bar aiki iri biyu. Na farko na ma'aikatan hukuma ne: auduga mai daraja ba ta samuwa sai da sarƙar iri da wani yake da alhakin tsaronta, daga mai zaɓe zuwa mai yaɗawa zuwa injin gurza, kamar yadda Samaru da Daudawa suka yi na tsawon shekara sittin. Na biyu na ɗalibai ne. A bayan gidaje da shingayen wasu ƙauyuka na Afirka ta Yamma har yanzu akan ga tsofaffin itatuwan auduga masu shekara da shekaru, waɗanda ake bari don lagwani ko magani. Tattara su, da rubuta sunayen da tsofaffi ke kiran su da shi, da ƙirga sandunansu, da ajiye irinsu a Samaru, aiki ne da ɗalibin ilmin tsirrai zai iya farawa daga garinsu. Punctatum ta riga ta ba manoman Yuganda da Zambiya juriya ga cuta guda, kuma ba a gama binciken abin da ya rage a cikinta ba, musamman a zamanin da damina take ƙara rikicewa. Tsofaffin matan da suka san bambancin gwundi da 'yar ƙarfi a hannu, tun daga gurza har zuwa kaɗi, suna ƙarewa, saboda haka aikin tambayarsu ba ya jiran wata shekara.